Abin Da Ya Shiga Inji Ya Shiga Tukunyar Kowa

Jawabin da shugabar kwamitin kula da injuna ta gabatar a taron zagayowar ranar kafa ƙungiyarmu, a Maradun

Bismillahir Rahmanir Rahim. 

Godiya ta tabbata ga Allah da ya nuna mana wannan rana da rai da lafiya. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, sallallahu alaihi wa sallam, da alayensa da sahabbansa.

Uwar ƙungiya, Hajiya shugaba, ma'aji da sakatariya, iyayenmu mata, malamanmu, baƙinmu da suka taso daga Talata Mafara da Bakura duk da halin da hanya take ciki, mazajenmu da ke zaune can waje suna jinmu ta lasifika, da samarin da ke tayar mana da inji kullum, ina yi maku barka da zuwa. Allah ya ba da ladar zumunci.

Ma'aji ta karanta lissafi, kun ji abin da ya shigo da abin da ya fita, kun yi tafi. Ni kuma abin da aka ba ni in yi magana a kai ba mai sa tafi ba ne. Wankin inji aka ba ni. Jiya wata ƙawata take ce mani, "Haba Hajiya, ranar biki guda za ki tara mu ki yi mana zancen soso da omo?" Na ce mata ta yi haƙuri ta saurara, in na gama ta gaya mani ko zancen soso ne.

Iyayenmu da ke nan sun san lokacin da kowane gida ke da dutsen niƙansa. Mace ta durƙusa tun asuba ta niƙa dawarta, ta share dutsenta ta kife. In ƙazama ce, ƙazantarta ta tsaya a gidanta. Yau dutse ɗaya gare mu, shi ne injin nan. Dawar gidan liman ta nan take bi, waken mai ƙosai ta nan yake bi, gasarar kokon mai jego da garin kunun yaron da aka yaye duk ta wannan baki ɗaya suke shiga, ta wannan baki ɗaya suke fita. Abin da ya maƙale a ciki da safe, kafin magariba ya zagaye tukwanen unguwa. Wannan shi ne dukkan abin da zan faɗa yau, sauran bayani ne.

Zan fara da labarin da dattawan cikinmu ba su manta ba, amma 'yan matan da suka shigo ƙungiya kwanan nan suna goye ko suna rarrafe lokacin da ya faru.

A farkon shekarar 2010, a ƙauyukan ƙasar Anka da Bukkuyum, agwagi suka fara mutuwa, ba wanda ya kula. Sai abin ya koma kan yara. Yaro zai fara amai, ciki ya murɗa, sai jijjiga, sai suma, sai a ce Allah ya yi masa cikawa. Aka ce zazzaɓin cizon sauro ne, aka ba da magani, bai ji ba. Aka ce sanƙarau ne, shi ma bai ji ba. A watan Maris na shekarar, likitocin ƙungiyar MSF suka lura da yawan sababbin ƙananan kaburbura, aka ɗebi jini aka auna. Abin da aka samu gubar dalma ce.

Daga ina ta fito? Daga dutsen zinari. Dutsen da ake haƙowa a wuraren nan yana tattare da dalma mai yawa. Maza su ɗauko shi a buhu su kawo gida. A farfasa a tsakar gida, mata su daka a turmi, a zuba a injin niƙa irin namu ɗin nan a mayar da shi gari. Ƙurar ta sauka a ƙasa inda yaro ke wasa yana kai hannu baki, ta sauka a kan shanya, ta sauka a randa. A ƙauyuka biyu da aka fara bincikawa, Dareta da 'Yargalma, yaro ɗaya cikin kowane huɗu 'yan ƙasa da shekara biyar ya rasu cikin shekara guda. A jimlace, yaran da aka rasa sun haura 400. Dubbai aka yi wa magani, wasu sun rayu amma ƙwaƙwalwa ta taɓu har abada. Sai da aka kankare ƙasar tsakar gidaje aka kwashe, aka kawo sabuwa aka zuba, gida bayan gida, a Abare da Sumke da Tungar Daji da sauransu. Bagega ba ta samu nata aikin ba sai 2013. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya sa masu ceto ne.

Ku lura da abu ɗaya. Binciken da aka yi daga baya ya nuna hatsin ba daga gona ya zo da yawancin gubar ba. A wajen daka da niƙa da girki ya ɗauke ta. Wato a hannun mata irinmu, a kayan aiki irin namu. Matan nan ba ƙazamai ba ne, suna shara suna wanke-wanke kamar kowa. Ba su sani ba ne. Mu kuwa mun sani, ba mu da wannan uzuri.

Kada wata ta ce ai wancan Anka ce, kuma an daɗe. A 2015 irin wannan ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka rasu. Mu ma akwai zinari a ƙasarmu, duk mun san gidajen da ake zuwa daji haƙa. Gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara a 2019, ta ɗage hanin a watan Disamba na 2024. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, dalma ba ƙwayar cuta ba ce da za a kashe. Tafasa ba ta kashe ta, Hypo ba ya kashe ta, rana ba ta kashe ta. Ba ta da wari, ba ta canza launin gari. Maganinta ɗaya, kada ta shigo. Don haka dokar kwamiti ta farko: injin ƙungiya ba ya niƙa dutse, ko na waye, ko nawa za a biya. Ba ma ba da aron injinmu ko dutsen cikinsa. In za mu sayi inji na hannu, sai mun san inda ya yi aiki, in ba a sani ba mun haƙura, komai arharsa. Buhun da ya taɓa ɗaukar dutsen zinari ba ya shiga rumfarmu. Ke kuma da maigidanki ke zuwa wurin haƙa, ki roƙe shi ya yi wanka ya canza tufa tun can, kada ya shigo da ƙurar ya ɗauki yaro. Iyayen gida da ke waje, da ku nake, Allah ya ba ku haƙuri.

Akwai abu na biyu da wanki ba ya fitarwa, shi ma a ƙofa ake tare shi: fumfuna. Gyaɗa ko masarar da ba ta bushe da kyau ba, ko ta sha danshi a ajiya, takan yi wani kore-kore ko baƙi-baƙi, ta yi ɗaci. Wannan fumfuna tana fitar da guba mai lalata hanta, tana kuma hana yaro girma. Suya ba ta kashe ta, don haka tana bin tunkuza ta shiga ƙuli-ƙuli. A ƙasar Kenya a 2004 mutum 125 suka mutu saboda cin masara mai irin wannan guba. 'Yan uwana masu man gyaɗa, na san tsintar gyaɗa akwai cin rai, kuma kowace ƙwaya da aka zubar kuɗi ce. Amma wake ɗaya ke ɓata gari. A tsince ruɓaɓɓiya da motsattsiya da mai ɗaci tun kafin a kawo inji, kuma kada a ba awaki ko shanun da ake tatsa, don gubar tana fita a nono.

To, yanzu mu zo ga abin da wanki ke maganinsa, wato ƙwayoyin cuta. A nan ne muka fi sakaci, ni ma har da ni.

Bari in tona wa kaina asiri. Shekarun baya, kafin a ba ni wannan aiki, na kai markaɗen waken suya da asuba wani inji, ni ce ta farko a layi. Ina murna na riga kowa. Kafin hantsi madarar ta yi tsami, awara ta ƙi kamawa, na zubar da kwano biyu na wake. Na yi ta zargin mai sayar da waken. Sai daga baya na gane ashe ta farko a layi ita ke kwashe abin da ya kwana a ciki. Ni asarar kuɗi na yi. Da kunun yaro ne, da wata asarar ake magana.

Duk wadda ta taɓa ganin an kwance injin markaɗe ta san abin da nake nufi. Bayan dutsen, da cikin tsagoginsa, da jikin murɗaɗɗen ƙarfen nan mai tura kaya, za ki tarar da ƙanzo: tsohon ƙullu, fatar tumatir, 'ya'yan tattasai, ga wani yauƙi mai wari. Ɗauraya daga sama ba ta kai wa wurin. Ƙwayar cuta abu uku take so, danshi da ɗumi da abinci, kuma cikin injin markaɗe a zafin garin nan ta samu duka ukun. In wuri ya yi mata daɗi, guda ɗaya takan rabu biyu cikin kamar minti 20. Ku lissafa, cikin awa bakwai guda ɗaya ta haura miliyan biyu. Daga la'asar da muka tashi zuwa asuba awa nawa ne?

Wata za ta ce ai dafawa za a yi. Gaskiya ne, wuta tana kashe da yawa. Amma ba duka ake dafawa sosai ba. Kunun aya ba ya ganin wuta. Kunun zaƙi akan haɗa da ɗanyen ƙullu. Kuma hannun da ya taɓa ƙullun shi ke ɗaukar moɗa ya tsoma a randa. A 2021 amai da gudawa ya kama sama da mutum 100,000 a ƙasar nan, ya kashe fiye da 3,500, kuma Zamfara na cikin jihohin da abin ya fi tsanani. Ta ruwa da abinci yake bi, mu kuwa sana'armu ruwa ce da abinci.

Ga yadda kwamiti ya tsara wankin injin markaɗe. Na roƙi sakatariya ta rubuta a kwali a manna a bango, amma ku ji daga bakina.

Abu na farko, a kashe inji. Ba rage gudu ba, a kashe. In na lantarki ne a zare waya daga bango, don wutar nan ba ta sallama in za ta dawo. In na dizal ne a jira ya tsaya cak, a sauke bel. Ba a zura hannu cikin mazubi inji na juyi, ko da cokali ne ya faɗa. Mu mata kuma muna da hatsarin da maza ba su da shi: hijabi da gyale da bakin zane. Bel ba ya tambaya. Duk wadda za ta tsaya kusa da inji ta ɗaure hijabinta a ƙugu ko ta sa ƙarami, ta sauke goyo ta ba wata. Yaran da ake aikowa niƙa su tsaya bayan layin da muka ja a ƙasa.

Na biyu, a kwance. A sa sifana a buɗe murfi, a fito da dutsen biyu da ƙarfen da ke tura kaya. Notuna a zuba su a kwano ɗaya kada su ɓace. Wankin da ba a kwance ba, wankin fuska ne a bar wuya.

Na uku, a kankare ƙanzon da buroshi mai tauri, a bi tsagogin dutsen ɗaya bayan ɗaya, sannan a wanke da omo da ruwa mai ɗumi, a ɗauraye har kumfa ta ƙare. Buroshin inji na inji ne kaɗai, ba a wanke ƙasa ko takalmi da shi. Injin da ke jan bel ɗin kuma a rufe shi da leda, ruwa ba ya taɓa shi.

Na huɗu, shi ne wanda ba mu saba ba: kashe ƙwayoyin cuta. Wanki daban, wannan daban. Omo yana ɗauke dauɗa da maiƙo. Ruwan Hypo ko Jik shi ke kashe abin da ido ba ya gani. Amma ba ya aiki a kan dauɗa, dauɗar ce ke shanye ƙarfinsa. Wadda ta kwara Hypo a kan ƙanzo ta yi asarar kuɗinta kawai. Wanki tukuna, sannan shi.

Ga awon. Ki duba jikin robar, za ki ga an rubuta 3.5 cikin ɗari. In haka ne, cokalin cin abinci uku a ruwa lita goma, wato rabin jarka mai lita 20. Uku, ba rabin kwalba ba. Yawansa ba ya ƙara tsafta, sai dai ya ci ƙarfe ya bar wari a ƙullun mutane. A haɗa da ruwan sanyi, ba na zafi ba. A sayi farar nan marar turare. A jiƙa sassan su jiƙu sosai, a bar su minti biyu zuwa biyar, sannan a ɗauraye da ruwa mai tsafta. Kada a bar ƙarfe ya kwana a ciki, tsatsa zai yi. Kullum sabon haɗi ake yi, na jiya ya riga ya sane.

Ruwan ma sai an duba shi. Allah ya ba mu gulbi, ga madatsar Bakolori a ƙofarmu tun 1978, da ita muke noman shinkafa da kayan miyan da muke markaɗawa. Amma ruwan kwata da na gulbi ba na wankin inji ba ne kai tsaye, ana wanka a ciki, dabbobi na shiga. In akwai na bohol shi ne gaba. In dole ta sa, a sa alam ya kwanta, a tsiyaye, sannan a yi haɗin. Ruwa mai laka yana cinye ƙarfin maganin kamar yadda ƙanzo ke yi. In kin sayi ruwa wurin mai garuwa, ba laifi ki tambaye shi inda ya ɗebo.

Na biyar, shanya. A jera sassan a kan tebur ko benci a rana, ba a ƙasa ba. Kada a goge da tsumma, don tsumman nan da ke rataye a ƙusa tun bara ya fi injin ƙazanta. In sun bushe a shafa wa dutsen ɗan man gyaɗa saboda tsatsa, a mayar, a ɗaure, a rufe mazubi da bakin fita.

Wannan kullum ne in an tashi aiki. Tsakanin mai markaɗe da mai markaɗe kuwa, a kora ruwa mai kyau har ya fito fari. Kada kuma mu bar bokiti ɗaya kowa na tsoma kwanonsa da hannunsa a ciki tun safe. A sa moɗa mai mariƙi, mai inji kaɗai ke ɗiba.

Injin gari shi kuma hukuncinsa daban. Ba a kwara masa ruwa. Gari in ya jiƙe ya maƙale a lungu, fumfunar da muke gudu ita za mu shuka da hannunmu. Nasa buroshi ne busasshe kullum, a kakkaɓe mazubi da ciki da baki. Sau ɗaya a mako a buɗe a bi lungunan. Ƙyallen da ake ɗaurawa a bakinsa a yi guda biyu, ana wanke ɗaya ana aiki da ɗaya. In har ta kama a wanke wani sashe da ruwa, ba a mayar da shi sai ya bushe ƙarau. Injin matsar mai kuma, tunkuzar da ta kwana a ciki ita ke sa mai ya yi ɗaci da wari, a fitar da ita tun injin na da ɗumi.

Sai maganar ɓera. Da dare in mun tafi, rumfar inji gidan bikinsa ce. Yana shiga mazubi ya ci, ya yi fitsari ya yi kashi. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na jihar Borno a 1969, ta fitsari da kashin ɓera yake kama mutane. Don haka a share garin da ya zuba kafin a kulle, a ɗora buhuna kan katako, a toshe ramuka, a rufe mazubi da murfi mai nauyi. In an ga kashin ɓera kada a share shi a bushe ƙura ta tashi, a yayyafa ruwan Hypo tukuna a kwashe.

Yanzu ga kashi na ƙarshe, kuma shi ya fi ba ni tsoro, don da kyakkyawar niyya ake yin sa: gubar da mu da kanmu muke sawa da sunan gyara.

Fiya-fiya da Sniper ba sa shiga rumfar inji. Ko kyankyasai sun kai nawa, ba a fesa su a inji, ba a fesa su a hatsi. Maganin gona ne, guba ne. Saboda irin wannan magani da aka samu a wakenmu ƙasashen Turai suka dakatar da sayen busasshen wake daga Najeriya a 2015, kuma a 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni da shaguna. Abin da baƙo ya ƙi ci, mu ba ɗiyanmu? Maganin ɓera ma ba a barbaɗa shi inda gari yake, tarko ya isa.

Dettol da Izal na ƙasa ne da makewayi, ba na wurin da abinci ke bi ba. Kuma don Allah kada a haɗa Hypo da wani abu, musamman ruwan wanke masai irin su Harpic. In suka haɗu wani hayaƙi ke tashi mai shaƙe numfashi, a ɗaki rufe yana iya kayar da mutum. Ruwa kawai ake haɗa shi da shi. Mai haɗawa ta sa safar hannu ta roba, ta bar ƙofa buɗe. In ya fantsama a ido a yi ta wankewa da ruwa mai yawa, a tafi asibiti. Kada a juye shi a gorar ruwa ko ta lemo, yaro zai ɗauka ya sha. Yana zama a robarsa, a sama, a kulle.

Samarinmu masu inji, saura ku. Baƙin mai da giris na wajen bel ne da ƙafafun inji, ba sa zuwa inda abinci ke taɓawa. In kun taɓa su ku wanke hannu da sabulu kafin ku taɓa kwanon mutane. Sannan duk ranar da aka sa sabon dutse ko aka kai aka wasa tsoho, niƙan farko yana fita da garin ƙarfe. Wadda ba ta yarda ba ta samo maganaɗisun tsohuwar rediyo ta ja shi cikin garin, za ta ga baƙin gashin da zai kama. Don haka a fara niƙa dusa ko ɗan hatsin ƙungiya a zubar, kafin a karɓi na mutane. Kada kuma a matse dutsen har ƙarfe na cin ƙarfe don a burge mai niƙa da laushi. Gara a niƙa sau biyu.

Na san abin da ke ranku, don an faɗa mani a taron kwamiti. An ce wannan duk kuɗi ne: ruwa, omo, Hypo, ga rabin awa da za a rufe alhali mutane na layi, ga wani inji can gaba da zai karɓe su. Ba ƙarya ba ne. A wannan tsadar rayuwa, da gonakin da ba a iya zuwa, da 'yan uwanmu da suka baro ƙauyuka suka dawo hannunmu, kowace naira tana da wurin zuwa. Amma mu auna da ɗaya gefen. Ledar ƙarin ruwa nawa ce a asibiti? Kwana uku a gadon jinya, wa zai soya maki ƙosan? Kuma ranar da aka ce a gidan suna kaza mutane sun kwana zawo, kuma a injin mata aka yi markaɗen, sunan da muka yi shekaru muna ginawa a yini ɗaya zai zube. Yaran da suka yi gudun hijira suka zo garin nan da yunwa a jikinsu, gudawar da ɗanki zai jure, su ba za su jure ba. Su ma daga injinmu suke ci.

Saboda haka kwamiti na roƙon taro ya amince da abu huɗu. Ɗaya, a ware wani abu kaɗan daga kuɗin kowane niƙa a asusun tsafta, ma'aji ta riƙe shi daban, kada a taɓa shi don wata hidima. Biyu, a rufe karɓar markaɗe rabin awa kafin lokacin tashi, komai layi, kuma wannan rabin awa a biya samari ladarsa don aiki ne. Uku, a yi jerin mata biyu-biyu kowane mako da za su tsaya a kwance inji a gabansu, su sa hannu ko su dangwala a littafi. Huɗu, kowace 'yar ƙungiya tana da ikon cewa a buɗe mata inji ta gani, kuma mai inji yana da ikon mayar da hatsi mai fumfuna ko buhun da bai yarda da shi ba, ko na shugaba ne, ko nawa ne. Kada wadda aka mayar wa kaya ta yi fushi, kada ta kai ƙara gida.

Hajiya shugaba, 'yan uwana, matar da ta aiko ɗanta da kwanon gero ba ta ganin cikin injinmu. Ba za ta taɓa sanin an kwance an wanke ko ba a yi ba. Yarda ta yi da mu ta aiko. Wannan ita ce amana, kuma Wanda ke ganin cikin injin zai tambaye mu.

Ƙawata da ta ce zancen soso ne, ga ki can kina dariya. Makon farko na jerin, ni da ke ne.

Allah ya jiƙan yaran da muka rasa a Anka da Bukkuyum, ya ba iyayensu haƙuri. Allah ya jiƙan 'yan ƙungiyar da suka riga mu gidan gaskiya. Allah ya kawo mana zaman lafiya a Maradun da Zamfara da ƙasa baki ɗaya, ya buɗe mana hanyoyin gonakinmu. Allah ya sa albarka a sana'armu, ya tsare hannuwanmu daga cutar da ɗan kowa. Ya maimaita mana ta baɗi da rai da lafiya. Inda na yi kuskure ku yafe mani.